Sakatun da ke Bangon Baba Tartsatsi

Kullum kafin ƙarfe bakwai Baba Tartsatsi ya jingine kekensa a ƙofar sashen walda na cibiyar koyon sana'a. Ya share ɗaki da kansa, ya duba ko akwai wuta. Yawanci babu. Sai ya ɗauki tsumma da ɗan baƙin mai, ya bi bango yana goge sakatu ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ga asalin sakatun. Duk ɗalibin da ya zo hannunsa, aikinsa na farko shi ne ya ƙera sakatar ƙofa. In ta yi, Baba ya kafa ƙusa ya rataye ta, ya ce, "Ta shagonka ce. Ranar da ka buɗe, ka zo ka ɗauki abarka." In ba ta yi ba, zai juya ta a hannu ya ce ko akuya ba za ta tsare ba, je ka sake.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Matashi ɗaya in ya buɗe shago zai ɗauki biyar, ya sayi ƙarfe wurin wani, mai mota ya yi dako, mai abinci ta kafa tebur a ƙofa. Haka ƙasa ke tashi, in ji shi. Kuma mun gani da idonmu. Wata marainiya da aka yi ta yi wa dariya don ta riƙe ƙarfen walda ta zo ta ɗauki tata, yau mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashinta.

To amma ita ɗaya ce cikin nawa? Bangon nan cike yake har kusa da rufi. Masu sakatun suna nan, sun iya aiki, ba wuta, ba jari, ga ƙofofin ƙasar waje sun cika kasuwa. Wasu na tura baro, wasu na zaune a bakin titi tun safe. Kullum rediyo na cewa matasa ne arzikin ƙasa. Wallahi in na ji sai raina ya ɓaci.

Bara wata uwa ta zo. Ɗanta ya gaji da zama, ya bi masu tsallaka teku, jirginsu bai isa ba. Ta ce, "Malam, ba ni ta yarona." Mai sharar cibiyar ya shaida mini Baba ya sauko da sakatar ba tare da ya nema ba, don ya san ƙusar kowa. Ranar bai koyar da kowa komai ba.

Yanzu an ce da ya tafi za a rufe sashen, a mai da ɗakin sito, ƙarafan bango a kai wa masu awon kilo.

Kai ne, Baba, ka ƙona ido da hannu kana shirya mu, muka fito muka tarar ba inda za mu shiga. Ba kai ka gaza ba. Mun gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma masu shago da masu hali, ku ɗauki ko da matashi biyu ne, ku rage wa bangon nan nauyi kafin wata ya ƙare.

Tawa tana ƙusa ta uku daga taga, shekara goma sha ɗaya. Gadi nake yi yanzu, sakatar gidan wani nake zarewa in mayar. Shekaranjiya na je na ce ya ba ni ita kafin a kwashe.

"Ka buɗe shagon?"

Na sunkuyar da kai.

"To bar ta, ɗana," ya ce. "Akwai bango a gidana. Zan kafa mata ƙusa."