Laftof Mai Ramin Shigar Sauti

Ni mace ce mai sa kiɗa a wunin mata, abin da yaran zamani ke ce wa DJ. A Salaga na tashi, a nan kuma na fi yin aiki. Sana'ar na sona, ni ma ina sonta, ko da yake bayana ya sha ɗaukar lasifika.

A garinmu kowane tsohon gida na jikokin fataken goro yana da takensa, wato kiɗa da kirarin da maroƙa suka yi wa kakan gidan. Idan gwaggwannin amarya suka fito fili, wannan taken suke jira. Ka sa musu duk waƙar da ke tashe, in ba ka sa taken gidansu ba, kamar ka yi tuwo ne babu miya. Irin wannan kiɗan kuwa ba a samunsa a intanet.

Shekarar da tsohuwar laftof ɗina ta fara mutuwa a tsakiyar waƙa, wata Hajiya ta aiko a kira ni. 'Yar Salaga ce, aure ya kai ta Yendi tun tana ƙuruciya, ga jikarta za ta yi aure. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake. Ta kwance ƙullin zani, ta fiddo kaset guda, bayansa duk ya dushe.

"'Yata, taken gidan mahaifina ne," in ji ta. "Makaɗin ya rasu, masu amshi sun rasu, wannan kaɗai ya rage. Ina so in ji shi ranar bikin yarinyar nan, da ƙarfi, yadda duk Yendi za ta ji. Kuma kada ki gyara masa komai."

Na karɓa, na duba shi. Zaren kaset ɗin ya yi laushi, in na kai shi fili rediyo ta tauna, shi ke nan. Dole in kwafe shi cikin na'ura, ga tawa ba abin dogaro ba ce.

Yayana yana cinikin albasa a Bawku, shi ya ce in hau mota in zo, akwai abokinsa mai sayar da kwamfutoci na hannu. Da na isa, mutumin ya shimfiɗa mini su a kan tebur, ya ɗauko wata siririya mai ƙyalli, ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Sista, wannan shi ne naka. Ba nauyi. Ka sa shi a jaka, ka tafi. Waƙa duka yana intanet, ba ka bukata babban ciki."

Na juya ta, na duba gefe da gefe. Rami ɗaya tal, na abin sa wa a kunne. Na ce masa, to ta ina kaset zai shiga? Ya dube ni kamar na tambaye shi inda ake ɗaure jaki a jirgin sama. Yayana ma dariya ya yi, wai ƙanwarsa ta zo birni neman tsohuwa. Raina ya ɗan sosu, don ni ba na son a yi mini dariya a gaban kaya.

Can ƙasan tebur na hango wata baƙa mai kauri, kusurwarta a fashe. Na sa ya ciro ta. Tana da ramin shigar sauti daban, ga wuraren sa fulash har da saura, ga ciki mai faɗi, batirinta kuma yana jure ɗaukewar wuta. Mummuna ce, nauyinta kamar dutsen niƙa. Ita na ɗauka, na haɗa da ƙaramin akwatin ajiya na waje, don duk abin da ke wuri ɗaya tilo ban yarda da shi ba.

Da na koma gida na ari rediyon wani tela maƙwabcinmu, na goge bakinta da auduga, na juya zaren da biro a hankali, na jona waya, na yi bisimilla. Ban motsa ba har ya ƙare. Akwai shuuu a ciki, akwai kukan akuya, akwai surutun mutane. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in tsabtace shi, amma mai abu ta hana. Na ajiye shi a wuri biyu, ƙarƙashin sunan gidansu, don ni da sunan gida nake jera kiɗana, ba da sunan mawaƙi ba.

Ranar wuni a Yendi, bayan la'asar, fili ya cika da mata cikin anko. Aka kamo Hajiya aka zaunar a kujerar roba, don gwiwoyinta ba sa ɗaukarta. Na rage waƙar zamani, na saki taken. Kalangu ya fara, muryar maroƙi ta fito a shaƙe tana jero sunayen kakanni da hanyar goro. Hajiya tana kaɗa kafaɗa daga zaune, jikoki suna yi mata liƙi a goshi.

A tsakiyar kiɗan wata mata ta rangaɗa guɗa a cikin kaset ɗin, doguwa, mai karkarwa a ƙarshe. Hajiya ta daina kaɗa kafaɗa. Ta kama hannun amarya.

"Kin ji? Innata ce. Ita ce wannan."

Ta dafa kujera ta miƙe, ba wanda ya taimaka mata. Ta toshe hanci da yatsu biyu, ta amsa guɗar da 'yar muryar da ta rage mata. Ta ɗaga mini hannu, ta ce in mayar da shi baya kaɗan, ta ƙara ji.