Tsamiyar da Baba Ya Je Gani

Ana sallame sallar asuba muka bar Fagge, kwatocin unguwa na ta ambaliya da ruwan da aka kwana ana yi. Mu huɗu ne: ni, da yayata, da Babanmu, da amininsa na Sabon Gari wanda suka yi aikin jirgin ƙasa tare tun ba a haife mu ba. Iyayensa daga kudu maso gabashin ƙasar nan suka zo, amma a Kano aka yanke masa cibiya, kuma Kawu muke ce masa. Shi ya kawo motar, wata tsohuwar bas da yake ɗaukar kayan shagonsa da ita.

Masu bibiyata kun san ni da son yawon damina, to wannan ba irinsa ba ne. Hawan jinin ido ya cinye wa Baba idon hagu, na daman kuma likita ya ce ɗan abin da ya rage ba lallai ya kai wata daminar ba. Da muka tambaye shi ko akwai abin da yake so, sai ya ce a kai shi wani dam a kudancin Kano. Akwai tsibiri a tsakiyar ruwan, da wata tsamiya a kansa, inda ya kai marigayiya Ummanmu tana amarya suka ci kifi a inuwarta. Yana so ya sake ganin wurin kafin fitilar ta mutu.

Ni da na tashi da littattafan soyayya na bakin kasuwa a ƙarƙashin filo, ai tuni na gama tsara tafiyar a kaina. Ruwa shuɗi, iska mai kaɗa mayafi, dattijo a tsaye cikin kwale-kwale yana hawayen tuna masoyiyarsa. Har taken da zan sa wa hoton na tanada.

Titin Zariya ya karɓe mu lafiya. Bayan Kura gonakin shinkafa suka buɗe hagu da dama, kore shar har inda ido ya tsaya. Na yi ta cewa, "Baba, dubi!" Shi kuma yana gyaɗa kai. A wata kwana muka tsaya muka sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Kuɗin da bara zai sayi masara uku, bana ɗaya yake saya, ita ma mai giɓi. Da muka zo tashi motar ta ƙi, sai da aka tura.

"Wannan akwalar taka ta girmi jirgin da muka yi wa bauta," in ji Baba.

"Malam, ita dai in an tura tana tashi. Kai fa?"

Dariyar ƙarshe kenan da na ji daga bakin Baba a ranar.

Daga nan muka sauka kan jar hanya. Ruwa ya zaizaye ta, ramuka cike da taɓo, ga wani kwalbati da ya rage rabi, muka haye shi kowa na salati, Kawu na kiran Yesu. Da muka isa dam ɗin, wurin shaƙatawar da nake gani a bidiyon waya ya zama kufai. Lilon yara ya yi tsatsa, rufin bukkokin hutawa ya rufta, awaki sun mayar da su ɗakin kwana. Ruwan kuma ba shuɗi ba ne, ja ne kamar kunun kanwa.

Amma akwai jama'a. Maza da mata sun cika gaɓa, kwale-kwale birjik a kife a kan yashi, biyu kawai ke can nesa da mutane a ciki suna caka dogayen gorori cikin ruwa. Na ce wa yayata mun taki sa'a, bikin kamun kifi ake yi. Muka shimfiɗa tabarma, muka buɗe kuloli, ƙanshin gurasa da soyayyar kaza ya tashi. Yayata ta kunna 'yar sifikarta da waƙoƙin biki. Ni kuma na shiga ɗaukar hoto. Na hango wata matashiya zaune ita kaɗai a kan dutse, da kwano rufe da faifai a cinyarta, idonta a kan ruwa. Na ce a raina, ga tauraruwar labari tana jiran masoyinta. Na ɗauke ta har sau biyu.

Wani dattijo mai rawani ya taso daga cikin mutanen, ya yi sallama, ya gaisa da su Baba, sannan ya dube mu.

"'Ya'yana, don Allah a kashe kiɗan nan. Ruwa ya riƙe mana mutum tun jiya."

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Shi ne Sarkin Ruwan garin. Masunci ne ya fita da yamma duba tarunsa, iska ta kifar da shi. Wadda na ɗauka a hoto matarsa ce, kwanon kuma tuwon da ta kawo masa ne jiya, ta ƙi komawa da shi gida. Ashe gaskiya na faɗa, masoyinta take jira. Na goge hotunan nan take.

Kawu ya ja Sarkin Ruwa gefe ya yi masa bayanin idon Baba, ya ce ko zuwa da dawowa ne kawai a taimaka. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce su a nan, in ruwa ya riƙe mutum, ba mai jefa taru, ba mai ƙetarawa kasuwa, ba jirgin da yake hawa sai na masu nema, har sai ya sako shi.

"Da ana aron ido, da na ara masa nawa. Amma in na ɗora baƙo ya bi ta kan ɗan mutane don kallo, da wace fuska zan dubi yarinyar can?"

"Gaskiyarsa," in ji Baba. "A bar maganar."

Muka naɗe tabarma, muka aika wa masu nema abincin, muka zauna a yashi cikin mutane. Wata tsohuwa ta miƙo mana kwaɗon zogale a ganye ba tare da ta tambayi daga ina muke ba. Ita ce ta nuna min tsibirin, wani fili tsirara mai kututture ɗaya. Ta ce masu gawayi sun sare tsamiyar shekarun baya. Na dubi Baba, na kasa faɗa masa.

Bayan la'asar ɗaya daga cikin masu neman ya ɗaga gorarsa sama. Kowa ya miƙe. Matar ta ajiye kwanon a kan dutsen a hankali, kamar kada tuwon ya zube, sannan ta faɗi. Baba ya shiga sahun sallar gawa, Kawu ya tsaya daga baya da hularsa a hannu.

Da aka dawo daga maƙabarta, Sarkin Ruwa ya ce mu kwana, gobe da safe da kansa zai tuƙa Baba. Hadari ya riga ya haɗo daga gabas, kuma kowa ya san kwalbatin nan ba zai sha wani ruwan ba. Baba ya yi godiya, ya ce ba zai zama nauyi a gidan makoki saboda yawon buɗe ido ba. A dai kai shi bakin ruwa.

Muka kai shi. Ya tsaya ya ƙura ido, amma inda yake kallo ba tsibiri, sai katangar dam. Kawu ya dafa kafaɗunsa ya juya shi a hankali. Baba ya fuskanci tsibirin.

"Kai, ta yi girma," ya ce.

Na buɗe baki, Kawu ya harare ni.

"Ta yi, Malam. Ta rufe wurin gaba ɗaya."

A nan na gane fitilar ta riga ta mutu. Duk gyaɗa kan da yake yi a hanya, don kada mu fasa tafiyar ne.

Ruwan ya same mu bayan mun hau kwalta, ya rako mu har Kano. Abin da na koyo ba shi da yawa. In kun je ƙauye shan iska, ku yi sallama ku tambayi abin da ya tara mutane kafin ku shimfiɗa tabarma. Ruwan da littattafaina suka tanadar wa masoya, gonar wasu ne, wani lokaci kuma kabarinsu.

A ƙofar gida kwatar nan na nan cike. Baba, wanda bai taɓa yarda a riƙe shi ba, ya sauko daga mota ya tsaya, ya miƙa hannu cikin iska.

"Uwata," ya kira ni, "ina kike? Ƙetarar da ni."