Sauraron Kifi a Ɗakin Jego

Ku matso ku ji yadda na shiga ƙidayar kifin teku, ni da ko kwalekwale ban taɓa hawa ba.

Wankan jego ya kai ni Guangzhou ta ƙasar Sin. 'Yata tana karatun halittun ruwa a can, mijinta yana saro takalma a kasuwar Zhanxi. Kafin cikinta ya tsufa ta bi jirgin ruwa, suna ƙirga ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka. Wai ba kifi ba ne, har nono yake bai wa ɗansa.

Wata rana da hantsi na tarar da ita ido ya yi ja. Malaminta ya dawo mata da aikin. Duk inda ba su ga komai ba ta rubuta babu, alhali dabbar takan nutse kusan awa guda, jirgi ya wuce ta samanta. Sai ta gano sau nawa ake ganinta, sau nawa take kuɓucewa, in ba haka ba babu takardar gamawa.

"Umma, na haƙura. Gida zan koma."

"Da jariri kawai? Shi ai ko a Kano ana samu."

Na ce ko 'yan kasuwar nan in sun ce "meyo", wato babu, in ka tsaya sai a fito da kayan daga ciki.

Ashe jirgin ya ja na'urar ɗaukar sauti a cikin ruwa, haihuwa ta hana ta saurare. Ta sa min a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa a maƙwabta. Ta ce in kifin yana can ƙasa yana farauta, wannan ƙarar yake yi. In ya yi shiru, ya doshi sama shan iska.

Kullum in na gama mata wanka na dama kunun kanwa, sai mu zauna. Kifin ya yi shiru in ɗaga hannu, ita ta rubuta lokaci. Da haka za ta san tsawon zamansa a ƙasa da na sama, inda ake iya ganinsa. Ran nan na ce mata biyu ne a nan, ɗaya ya fi kaurin murya. Ta yi musu, ta duba zanen sautin a kwamfuta, ta gyara.

Malamin ya ce hanyar ta yi, amma sai an saurari sauran duka. Arba'in ta cika, tikitina na hannu. Na ce wa surukina ya je ya ɗaga tafiyar.

Ku fa, da ku ne, za ku hau jirgi ku bar yarinya da rabin ƙidaya?