Layi Uku na Baba Taswira

Ƙarfe bakwai da rabi yake shigowa ofis, ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya fere fensir, ya shimfiɗa farar takarda kafin ya taɓa kwamfuta. Shekara ashirin da shida ke nan. Mu da muke rubuta manhaja tare da shi mun yi wa fensirin nan dariya har mun gaji, sunan Baba Taswira kuma ya bi shi. Ranar Alhamis zai yi ritaya, ni kuwa da nake shugabantar sashensa akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Aikinsa ba ya ganuwa. In aka kunna kwamfuta, ƙaramar manhajar da maƙera suka dasa a jikinta ce ke fara farkawa. Ita ke miƙa ragama ga kanel, wato uwar manhajar da ke tafiyar da komai, tare da jerin wuraren memori, wato ma'ajiyar bayanai: nan nawa ne a bar mini, sauran naki ne. Kanel ba ta aiki da adireshin asali. Kowane wuri sai ta ba shi adireshin aro, ta ajiye jadawalin da ke haɗa na aro da na asali, sannan ta sanar da manhajar maƙera sababbin adireshin, sau ɗaya tak. In aka kuskure a nan, allo ya yi baƙi ke nan. Wannan jadawalin Baba yake zanawa da fensirinsa.

Shekara huɗu da suka wuce mun sabunta kanel ɗinmu, sai ga wasiƙa daga wata malama makauniya mai fassara littattafai. Kwamfutarta ce ke karanta mata rubutu, da ita take ciyar da 'ya'yanta biyu, ga shi ta ƙi tashi. Tsohuwar ƙira ce, kuma na'urar rubutun makafi da malamar ta saba da ita ba ta aiki da wata. Na ce a rufe batun, Baba bai yarda ba.

"Baba, mutum ɗaya ce fa."

"Ɗaya ce a wurinka, ranka ya daɗe. Ita ma kwamfutar ɗaya ce a wurinta."

Ya bi shagunan tsofaffin kaya har ya samo irinta. Mako uku yana kunnawa tana mutuwa, yana zane yana gogewa, tebur duk garin roba. Ashe manhajar maƙera ce ba ta faɗi gaskiya ba. Akwai wani shafin memori da ta ce ta saki, amma daidai lokacin da ake sanar da ita sababbin adireshi sai ta koma ta taɓa shi, kamar ɗan haya da ya ce ya tashi amma ya riƙe makullin ɗaki guda. Mu kuwa mun yarda da jerinta, ba mu ba shafin adireshi ba. Baba ya sa kanel ta riƙe mata shi har a gama sanarwar. Layi uku ne gyaran, a samansu ya rubuta: "Kada a cire. Akwai mai amfani da ita."

Amsar malamar gajeriya ce: "Ban san wanda zan gode wa ba. Yau da safe ta yi mini magana." Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya ɗauki fensirinsa.

Baba, kai ne ka koya mini cewa a bayan kowane adireshi akwai mutum. Kai ne ba ka taɓa goranta mini maganar nan ba, ko da wasa, ni kuma nauyin baki ya hana ni cewa na yi kuskure. Na yi kuskure, Baba, kuma har yau ina jin kunya. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu da lafiya.

Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, kafin ku share wani tsohon layi, ku tambayi wa ya jingina da shi. Makon jiya aka kawo mini jerin waɗanda za a goge don a rage wa kanel nauyi, ukun nan suna ciki. Na ƙi sa hannu, na rubuta wa malamar. Ta ce kwamfutar tana nan lafiya lau, suna kan littafi na tara.