Lambun Kawu Jecha

Kawu Jecha yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na koyi tuƙin jirgin ruwa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗiban baƙi daga gaɓar garinmu Matemwe zuwa wani wuri a teku da yake kira lambunsa. Duwatsun murjani ne masu rai a ƙarƙashin ruwa, da kifaye kala-kala. Baƙi su sa gilashi a fuska, su kama bututun numfashi a baki, su kwanta rub da ciki a kan ruwa suna kallo. Shi ya gano wurin tun yana matashin masunci, kuma bai taɓa nemansa da na'ura ba. Idan wata kuka da ke kan tudu ta daidaita da hasumiyar masallacinmu, sai ya ce a saki anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a kan yashi. Ranar da na taka murjani da ƙafa na sha marin da har yau kunnena bai manta ba.

A gida ba shi da hira sai ta lambun. Matarsa, Inna Mtumwa, noman ciyawar teku take yi. Ta tsufa a cikin ruwa amma iya gwiwa, kamar sauran matan garinmu, ba ta taɓa tsoma fuskarta ba. Yana zuba, tana kankare kwakwa tana cewa, "To, mun ji, mai lambu."

Daga baya yanar ido ta hana shi gani, ya ajiye aiki. Bayan shekara biyu ruwan teku ya yi wani irin zafi, lambun ya yi fari fat, sannan ya mutu, gansakuka ta lulluɓe shi. Duk matuƙan Matemwe sun sani, babu wanda ya gaya masa. Mun ce tausayi ne. Ni dai na san nawa tsoro ne, kuma har yanzu ina jin kunyar abin.

Bana da ƙaramar Sallah 'ya'yansa da jikoki suka taru, wasu daga Pemba, wasu daga Darussalam. Ya aika aka kira ni.

"Ussi, jirgin da kake tuƙawa mutum nawa yake ɗauka?"

"Ashirin da biyar, Kawu."

"To shata nake so, yini guda. Ba aro ba, shata, yadda Turawa ke yi. Na kai matan mutane, na kai kakannin mutane, tsohuwar nan da ke dafa min abinci ba ta taɓa gani ba."

Na ce, "Ko mu je gefen tsibirin Mnemba, Kawu? Ruwan can ya fi kwanciya."

"Kai, tafi can! Wannan ai kasuwa ce, jirgi kan jirgi. Lambuna za mu."

Na ce to.

Da hantsi muka tashi, mu ashirin da uku, da tukwanen shinkafar kwakwa da gasasshen kifi. Inna Mtumwa ta ɗaura rigar hana nutsewa a kan zanenta tana mita.

"Tsoho, in na nutse wa zai dafa maka?"

"Ke da wannan jikin? Ko dutse aka ɗaura miki teku ba za ta karɓe ki ba."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na riga na shirya in karkata da su wani wurin da ke da sauran rai, tunda ba ya gani. Ban yi nisa ba ya dafa gefen jirgi, ya ce, "Ka yi hagu da yawa, ɗan nan. Igiyar ruwa ta bayana take duka. Ko ka manta hanya ne?" Na mayar da kan jirgi. Da kuka ta hau kan hasumiya na gaya masa, ya ce a saki anga.

Matasa suka fara faɗawa da ihu. Ba a jima ba ihun ya mutu. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗago suna kallona, ni kuma na sunkuyar da kai.

Na riƙe wa Inna igiya ta sauka. Ta sa gilashin, ta kifa fuskarta, ta daɗe. Na san abin da take gani: tarkace ruwan toka, kamar murhun da aka kwana biyu ba a hura ba, da 'yan kifaye biyu ko uku. Ta ɗago tana haki.

"Yaya?" in ji Kawu, har ya miƙe tsaye. "Kin ga shuɗin nan mai kama da faranti, ta hagu?"

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Yana nan. Ga jan nan a bayansa mai rassa. Ga ƙananan kifin nan masu ruwan ɗorawa, sun fi ɗari. Ashe ba ƙarya kake yi ba, tsoho."

Shekara talatin tana jin labarin, ta haddace shi tsaf, ta mayar masa babu abin da ta rage. Sauran suka kama mata, kowa na ƙara nasa. Hawaye suka cika min ido.

Sai ya ce shi ma zai shiga. Muka saukar da shi, ya ƙi gilashi, ya ce me zai yi da shi. Ya nutsa kansa gaba ɗaya, ya jima, ya fito. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka ci abinci, ya ci, har ya yi wa surukarsa tsiya kan gishiri.

A hanyar dawowa ya lallaɓo ya zauna kusa da ni, inda ƙarar inji ke rufe magana.

"Ussi, lambu mai rai ƙara yake yi, kamar ana suya a kasko. Ban ji komai ba. Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Kawu."

Muka fara hango rairayin gari. Na jira faɗa, da ma ya mare ni, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Kada ka gaya mata na sani. Ta yi ƙoƙari."

Wata biyar ya ƙara a duniya. Kullum bayan la'asar sai ya ce ta ba shi labarin abin da ta gani, ita kuma ta zauna ta bayar, yana gyaɗa kai yana gyara mata launi. In na shiga gaisuwa na tarar da su a haka, ba na iya zama.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, ta kira ni bayan gida inda take shanya ciyawarta. Ta kama hannuna da nata mai kaushi.

"Ussi, tsakaninka da Allah. Ya tafi bai sani ba, ko?"

Na ce, "Bai sani ba, Inna."