Ranar da na kai kwanon ƙwan kifi gaban shugaba

Har in koma ga Mahaliccina, ranar da na ɗauki kwanon ƙwan tarwaɗa na kai taro ba za ta fita raina ba.

Sana'ata bandar kifi ce, a Ƙofar Marusa. Daga madatsar ruwa da ke bayan gari masunta ke kawo mana. Mu masu banda mu muke farke cikin kifi, don haka mu muke fara ganin ƙwai. Da zarar mun gani, sai mu aika wa sarkin ruwa, ya hana su har kifi ya gama haihuwa, mu kuma mu kashe wuta. Babu mai jin daɗin waɗannan watanni, amma haka muka tarar, kuma ruwa na ciyar da kowa.

Da soja suka sauka, aka kafa kwamitin ruwa, aka ɗora wani Alhaji da ya yi wa masunta alkawari lokacin neman ƙuri'a cewa an daina rufe ruwa. Daminar shekarar na farke tarwaɗa, na ga ciki dam da ƙwai. Matan unguwa suka ce in je taron kwamitin, tunda ni ce mai baki.

Na ajiye kwanon ƙwan a gaban Alhajin, na ce, "Ranka ya daɗe, ga kihin baɗi nan. A ruhe ruwa."

Ya leƙa, ya yi dariya. "Hajiya, yanzu mulkin jama'a mukai. Wa ke son a ruhe?"

Sarkin ruwa kaɗai ya ɗaga hannu. Ni aka ce mai saye ce, ba ni da ƙuri'a. Wallahi, haka na ɗauki kwanona na koma gida da takaici.

Na kashe wutata. Biyu cikin masu banda suka bi ni, sauran suka ci gaba da saye, ban kuma ga laifinsu ba, da 'ya'ya a gabansu. Shekara ta zagayo, kifi ya ƙanƙance. Daga baya har gidan sauro ake zuba wa ruwa a madadin raga.

Na koyi cewa ruwan da jama'a ke ci, duk wanda hannunsa ke taɓa kifin ya kamata a saurare shi. Yau kifin ƙanƙara nake bandawa, wanda ake kawowa a kwali. Har yanzu nakan duba cikinsa in na farke, ko da yake babu wanda zan aika wa.