Injin Askin Ɗan Waje

Shekara ashirin da shida Dogo ya yi yana aski a shago ɗaya, a ƙarƙashin benen wani tela. Kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai bencin masu jira. Mutum ne marar yawan magana, abin da ba kasafai ake samu a wurin masu aski ba. Kawunsa ne ya koya masa sana'ar, shi da ɗan ƙanwar mahaifiyarsa, wanda daga baya ya je wata ƙasa ya yi shekara huɗu. Da ya dawo, mutane suka laƙaba masa Ɗan Waje, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Da Kawu ya tsufa ya ajiye almakashi, sai ya damƙa wa Dogo kansa. Duk Laraba da hantsi zai zo da sandarsa, ya cire hula, ya zauna. Dogo ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, amma yana da wannan: mutumin da ya koya wa rabin unguwa aski, a hannunsa yake aski.

Sai Ɗan Waje ya buɗe shago a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Ya zo da wani injin aski baƙi siriri, mai caji, wanda ba ka jin ƙararsa sai ka kai kunne. Na Dogo kuwa in aka kunna shi, tela na sama ma ya san an fara aiki. Matasa suka koma can, Dogo bai damu ba, ya ce yaro dama ɗan bin ƙyalli ne. Amma wata Laraba ya ga Kawu ya zo da sandarsa, ya ɗan tsaya a bakin titi, ya tsallaka.

Ranar Dogo bai iya cin abinci ba. Matarsa ta ce, "Maigida, kan tsoho ɗaya ne fa, gashin ma nawa ya rage?" Kishi ya kama shi, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa. Ta cikin madubinsa yake hango shagon Ɗan Waje, don haka ko ya juya baya bai tsira ba. Sai ya ga Kawu ya lumshe ido a kujerar wani, Ɗan Waje yana zuba masa labarin ƙasar da ya baro, ana dariya. Abin da ya fi ci masa rai, Ɗan Waje bai taɓa yi masa rashin kunya ba. Kullum da safe sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Da ma zaginsa yake yi, da Dogo ya sami abin riƙewa.

Ya ƙudura a ransa cewa injin ne ya raba shi da Kawu, kuma sai ya mallaki irinsa. Girman kai ya hana shi tambayar mai shi, sai ya sa tela ya leƙo masa sunan kamfanin, ya rubuto a takarda. Ya shiga layin masu kayan lantarki, shago bayan shago. Wani ya ce bai taɓa jin sunan ba. Wani ya ce gobe zai iso, goben da har yau ba ta zo ba. Wani ya fito da mai kama da shi, Dogo ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya ajiye.

A ƙarshen layin ne wani dattijo mai shago ya karanta takardar ya yi murmushi.

"Malam, kada ka wahalar da ƙafarka. Wannan kamfanin ba shi da wakili a nan. Don mutanensu suke yi, wutarsu ba irin tamu ba ce, filoginsu ma ba ya shiga soket ɗinmu. In na kawo na sayar maka, ruwan wuƙar ya dakushe, ina za ka sami wani? Ni za ka zo ka zaga. Su kuma ba za su sauya komai don masu aski ɗari ba."

"To na ƙanena fa?"

"Shi a jakarsa ya ɗauko abinsa. Kai ma sai ka nemi mai jaka."

Ya nemo. Wani maƙwabcin tela yana da ɗa mai karatu a can, aka aika masa saƙo. Wata biyar Dogo yana jira, ya haƙura da sabuwar kujerar da ya daɗe yana son saya. Da injin ya iso, dattijon nan ya haɗa masa da 'yar taransifoma don kada cajar ta ƙone. Dogo ya goge madubi, ya sa an wanke mayafin aski, sannan ya taka har gidan Kawu ya durƙusa.

"Kawu, ni ma na samo irin na ɗanka. Laraba ina jiranka."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. "To, Allah Ya kai mu."

Ya zo kuwa. Ya cire hula ya zauna, Dogo ya ɗaura masa mayafi, yana satar kallon tsallaken titi ko Ɗan Waje na gani. Yana gani. Daɗi ya cika Dogo har wuya. Ya danna maɓalli, injin ya tashi shiru, ba ƙara, ba girgiza. Ya kai shi bayan kunnen Kawu, sai ya ga bakin injin yana rawa. Ya kashe ya duba ko wani abu ne ya kwance. Komai na nan daram. Ya sake ɗagawa, a kashe, bakin bai daina rawa ba.

Tsohon injinsa yakan girgiza hannu har gwiwa, shi ya sa duk tsawon lokacin nan bai taɓa zargin komai ba sai shi.

Kawu yana kallonsa ta madubi. Ya miƙo hannu daga ƙarƙashin mayafin ya riƙe wuyan hannun Dogo.

"Sau uku ka yanke ni a ƙeya bara," ya ce a hankali. "Ni ma haka rawar hannuna ta fara. Na rasa bakin da zan gaya maka, shi ya sa na tsallaka."

Dogo ya tsaya da injin a hannu.

"Ƙarasa," in ji Kawu, ya sake shi, ya lumshe ido. "Bi a hankali. Yau dai naka ne."